Prius ɗina ta ƙi tashi, an ce babban batir ne ya mutu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaci ne a nan Katsina, ina zaune wajen Ƙofar Ƙaura. Bara na sayi Prius ƙirar 2008 da kuɗin adashi. Sati biyu ke nan, da safe in na danna maɓallin tashi sai fitilun gaban direba su kawo gaba ɗaya, jar alamar nan mai kusurwa uku ta fito, amma rubutun READY da ke nuna ta shirya tafiya ba ya zuwa. Wani lokacin ko ƙofa ba ta buɗewa da rimot. In aka jona mata waya daga wata mota sai ta tashi, har Daura na je na dawo lafiya lau, washegari kuma ta koma gidan jiya. Mai gyaran da na kai wa ya ce babban batir ne ya mutu, zai sauke shi ya buɗe ya canza na ciki, kuma kuɗin da ya faɗa ya fi albashina na wata uku. Wallahi ko barci ba na iya yi. Asarar ta tabbata ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, kuma kafin komai ka je ka karɓo makullinka, kada ka bari a taɓa babban batirin nan. A cikin bayaninka akwai magana guda da ta kusa raba gardama: an jona waya ta tashi, ta kai ka Daura ta dawo da kai. Prius haibirid ce, wato mai aiki da fetur da lantarki, batir biyu gare ta: babba mai tura motar da ƙarami mai bolt 12. Wayar da aka jona bolt 12 take ɗauke da shi, ƙaramin batir kawai take taimaka wa, ba ta isa ko kusa da babban ba. Motar da wutar bolt 12 ke tayarwa, wutar bolt 12 ce ta yi mata ƙaranci. Sai an auna za a tabbatar, amma duk alamun da ka lissafa na ƙaramin batir ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne Prius ba ta da kik, ba ta da altaneta. A motar da muka saba, in batir ya yi sanyi kik ne ke fara tona masa asiri, ka ji yana ja da ƙyar. A nan babu wannan gargaɗin. Aikin ƙaramin batir shi ne ya tashi kwamfutocin motar, ya ja rile, wato makunnin da ke haɗa babban batir da inbata (na'urar da ke sarrafa wutarsa), daga nan babban ya juya inji. In wutarsa ta gaza, kwamfutocin sai su farka a rikice, kowace ta kunna tata fitilar ƙorafi, rile ya ƙi kamawa, READY ta ƙi zuwa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kuma kada wani ya ce a tura ta, ba ta tashi da turi, ko daga P ba za ta fita ba in babu wuta.

Ka sami mitar awon wuta, ko ka sa a auna a gabanka, awo uku. Na farko da asuba, bayan motar ta kwana ba a taɓa ta ba. Buɗe bonet, cikin akwatin fis akwai jan murfi mai alamar tarawa, nan za ka ɗora jar waya, baƙar kuma a jikin ƙarfen mota. Bolt 12.5 zuwa sama lafiya. Wajen 12.2 ya fara gajiya. Ƙasa da 12 ya kwanta. Na biyu, danna maɓallin sau biyu ba tare da taka birki ba, ka kunna manyan fitilu. In allura ta zube ƙasa da 11.5 cikin minti ɗaya, batirin ba ya riƙe kaya ko da awon farko ya yi kyau. Na uku shi ne wanda ake yawan tsallakewa: bayan ta shiga READY, ya kamata ka ga wajen bolt 14. In ka ga haka, sashen inbata da ke cajin ƙaramin batir yana aikinsa. In kuwa ta tsaya a 12 ko tana sauka, to matsalar caji ce, fis ko inbatar kanta, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon. Ka leƙa ramin batirin ma, yana cikin but ta hannun dama. Wannan ƙirar tana yoyo ta saman ƙofar baya, da damina ruwa kan taru a ramin ya cinye kawunan batir.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, domin kusan kullum sai na ci karo da shi. Maganar nan da ta cika gari, cewa duk haibirid ɗin da ta kunna jar alama babban batirinta ne ya mutu, ƙarya ce, kuma tana cin kuɗin mutane, tana iya cin rai. Jar alamar cewa kawai take yi akwai matsala, je ka tambayi kwamfuta. Ƙaramin batir yana kunna ta. Famfon ruwan da ke sanyaya inbata, wanda ya yi suna wajen lalacewa a wannan ƙirar, yana kunna ta, lambar da na'urar duba mota ke nunawa a kansa ita ce P0A93. Babban batir in shi ne da gaske yana da tasa lambar, P0A80, sau da yawa tare da ɗaya daga P3011 zuwa P3024 da ke nuna rukunin da ya gaza cikin rukunai 14 na ƙananan batiran da ke cikinsa. Kuma yana da halinsa da direba zai gani: ma'aunin caji a allo ya cika ya zube cikin 'yan mintuna, fankar da ke bayan kujerar baya ta riƙa gurnani, inji ya ƙi hutawa, mota ta yi nauyi a hanya. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a hanyar Daura? Ba ka ambata ba. To mai gyaran naka da wace na'ura ya duba, wace lamba ya karanta? In ya kasa faɗa maka lamba, kintace yake yi da albashinka na wata uku. Ko an jona na'urar ma, lambobin da aka karanta alhali ƙaramin batir na ƙasa da bolt 12 ba abin dogaro ba ne. A gyara wutar, a goge su, a tuƙa, a sake karantawa, wadda ta dawo ita ce gaskiya.

Kwanaki an jawo mini wata irin taka a kan igiya. An riga an sauke babban batirinta, an wargaza, an cakuɗa ƙananan batiran cikinsa da waɗansu tsofaffi da ba a san asalinsu ba, mai ita ya biya, kuma ba ta tashi ba. Na ɗora mita a ƙaramin batir, bolt 11 da ɗan ɗoriya. Muka sa sabo ta shiga READY nan take. Sai dai babban da ya zo lafiyarsa ƙalau yanzu ya zama majinyaci, domin guda 28 ɗin da ke ciki tare suka tsufa, ƙarfinsu ɗaya, in ka sa baƙo a tsakaninsu sai ya riƙa cika ko ƙarewa kafin sauran. Bawan Allah nan ya biya kuɗi an lalata masa abin da bai lalace ba. Na kwana biyu abin yana damuna.

Wannan asarar dukiya ce, ana mayarwa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake buɗe babban batirin. Batirin nan bolt 201.6 ne, guda 28 kowane 7.2, kuma inbata tana ɗaga shi har 500 in mota na tafiya. Shi ya sa aka yi wayoyinsa ruwan goro, don kowa ya gani ya ja baya. Wutar NEPA in ta kama mutum wani zai ruga ya kashe layi. Batir ba shi da wurin kashewa. Ko an zare filogin tsaro da ke gefensa, raba shi biyu kawai aka yi, kowane ɓangare na nan da wutarsa, inbata kuma tana riƙe da tata, sai an ba ta kamar minti goma ta sauke. Mai wannan aiki yana sa safar hannu ta roba da aka yi don bolt 1000, yana cire zobe da agogo, yana aunawa kafin ya taɓa. Amma sai ka tarar an shimfiɗa batir a ƙasa cikin zafin Afrilu, an ba yaro ɗan shekara goma sha biyar sipana, hannunsa jiƙe da zufa, ƙafarsa da silifa, oga yana can yana waya. Na ga sipanar da ta faɗa tsakanin kawuna biyu ta narke ta manne. 'Yan'uwana masu sana'a, ku ji tsoron Allah. Yaran nan amana ce iyayensu suka kawo su koyi abin da za su ci abinci. Cewa "ban san wannan motar ba, kai wa wane" ba ya rage wa kowa arziki. Shekara ashirin kana gyaran waya a Peugeot da Golf ba ta sa ka san haibirid, sai ka zauna ka koya kamar yadda muka zauna muka koya. Ku ma masu motoci da laifinku, kun fi yarda da hirar majalisa a kan mitar da ba ta kai kuɗin cika tanki ba.

In awo ya tabbatar ƙaramin ne, sauya shi ba wuya, amma kada a sa duk wanda aka samu. Yana cikin ɗaki ɗaya da kai da iyalinka, don haka sai rufaffe, irin AGM, mai ƙofar da ake jona siririn bututun da ke fitar da iskarsa waje. Wannan iskar tana kama wuta, kada a bar bututun yana lilo. Lambarsa S46B24R in motarka mai buɗewa da makulli a aljihu ce, S34B20R in ba ita ba ce. Kawunansa sirara ne, ba kamar na sauran motoci ba, kuma na sha ganin an buɗa maƙalin da sukudireba ko an cusa ƙusa don ya kama. Ka duba ranar da aka ƙera shi, ka sa a auna a shagon, wanda ya shekara a kan kanta cikin zafinmu ya riga ya tsufa.

A kashe motar gaba ɗaya, a nisanta makullin. In but ya ƙi buɗewa, don makullinsa na lantarki ne, a ba ta wuta ta jan murfin gaba tukuna. A fara cire kan ɗebewa (-), sannan na tarawa (+). Akwai baƙin akwati kusa da batirin, ajiyar wutar birki ce, a kwance shi a hankali a mayar yadda yake. Wajen ɗaurawa na tarawa ne farko, na ɗebewa ƙarshe, a ɗaure maƙalin da ke riƙe batirin. A duba alamun sau biyu, domin juya kai sau ɗaya yana ƙona babban fis, wani lokacin har inbata. Dabarar nan ta tada mota da batirin aro sannan a zare shi tana aiki, ko cire kai "a ga ko tana caji", kada ka yarda a yi maka ita. Jan murfin gaba kuma na karɓar wuta ne, ba a tada wata mota da shi. Bayan an gama agogo da tashoshin rediyo za su goge, gilashin direba zai so ka riƙe maɓallinsa sama na 'yan daƙiƙu, kuma in dannawar farko ba ta kawo READY ba ka sake dannawa.

Sai abin da ke kashe shi da wuri. Batirin ƙarami ne, ajiyar wutarsa ba ta wuce 45Ah ba. In an ɗauke wuta aka shiga mota cajin wayoyi ko jin rediyo ba a READY ba, shi kaɗai ake tatsa. Ka sa ta a READY, giya a P, a fili inda iska ke wucewa, ba cikin rufaffen gareji ba. Na'urar bin sawun mota da amfilifaya da aka jona kai tsaye su ma suna sha dare da rana. In za ta yi sati a ajiye, a ba ta kamar minti arba'in zuwa awa ɗaya a READY. In kuma za a kai shi caji, a hankali, amfiya 3 zuwa 4, babbar cajar batirin tirela dafa shi take yi.

Gobe da asuba ka yi awon nan uku, ka rubuta lambobin a takarda, ka turo mini tare da duk lambar da na'ura ta nuna. Allah ya sa abin ya tsaya a ƙaramin.