Amsa ga mai tambaya kan horon sa-kai na muhalli a Paraguwai

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa an ɗauke ka horon aikin sa-kai na wayar da kai kan muhalli a ƙasar Paraguwai, kuma kana son sanin ko Sifaniyancin da ka iya zai wadatar ko sai ka koyi Gwarani, harshen 'yan asalin ƙasar. Na yi irin wannan horo, na kuma zauna shekara 2 a wani ƙauye a gabashin ƙasar, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Shawarata ita ce ka duƙufa kan Gwarani tun daga ranar farko. Tsarin mulkin 1992 ya mai da harsunan biyu na hukuma, kuma a Asunsiyon, babban birnin ƙasar, za ka iya biyan buƙatunka da Sifaniyanci kaɗai, amma da zarar ka bar kwalta ka hau jar ƙasar karkara, hira da ciniki da lallashin yaro duk da Gwarani ake yin su, ko da gaurayen harsunan biyu da suke kira jopara. A lokacin horonmu, muna zaune a gidajen mutanen gari, da safe darasin harshe ne, da yamma kuma aikin hannu ne, wato haɗa taki, renon itatuwa da gwajin koyarwa a gaban 'yan makaranta. Wasulan da ake furtawa ta hanci za su ba ka wuya, haka ma wasalin da ake rubutawa y, wanda shi kaɗai yake nufin ruwa. Tsayawar maƙogwaro da suke kira puso kuwa ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe, domin ita ce a cikin "sa'a" da "jama'a".

Mafi yawan abin da na koya a zaman terere na koye shi. Ganyen yerba mate ne ake zubawa a kofin ƙaho, a ƙara ruwan sanyi da aka daka wa ganyayen magani, mutum ɗaya yana zubawa yana miƙawa, kowa yana zuƙa da tsinken ƙarfe guda. Kada ka yi godiya sai ka ƙoshi, domin a wurinsu godiya na nufin a tsallake ka a zagaye na gaba. A irin wannan zama a gindin mangwaro wani dattijo ya nuna mini gonar waken soya da ta miƙe har ƙarshen gani, ya ce yana yaro wurin ka'aguy ne, wato daji mai duhu. Abin da ake nufi ke nan idan an ce an sare mafi yawan dajin Atlantika na gabashin ƙasar, har aka kafa dokar hana sare daji a yankin a 2004, sara kuma ta ci gaba a yankin Chako na yamma domin kiwon shanu. Manomin da ya rayu cikin wannan sauyi ya fi ka sanin abin da aka rasa, kuma ba zai ba ka labarin da zuciya ɗaya ba sai da harshen da ya tashi da shi.

Akwai kuskuren da har yau yake damuna, kuma ba na so ka maimaita shi. Itacen tajy, wanda shi ne itacen ƙasa, yana fure wajen watan Agusta, irinsa kuma ba ya daɗewa bai mutu ba, saboda haka muka gaggauta tara shi da yaran firamare, muka shuka a ledoji a bayan aji. Sun tsiro da kyau, kowane yaro ya san nasa. Sai dai ban yi la'akari da cewa makarantu na rufewa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ba, lokacin da zafi ya fi tsanani, kuma ban nemi iyaye su shiga aikin ba. Da muka dawo, yawancinsu sun bushe. A shekara ta biyu na bi gida gida, na yi bayani da ɗan Gwaranin da na iya, kowane yaro ya tafi da ledarsa gida kafin hutu, iyaye mata suka ajiye su a inuwa kusa da rijiya, kuma kusan duka suka rayu.

Game da abinci, rogo da masara da wake ba sa yankewa, amma a karkara ana yawan girki da man alade, don haka ka sanar da matar gidan da za ka sauka tun daren farko, cikin ladabi, domin ni dai an mutunta wannan buƙata tawa. Kafin ka tashi, ka haddace "mba'éichapa" ta gaisuwa da "aguyje" ta godiya, ka kuma tanadi ƙaramin littafi da za ka riƙa rubuta sunayen itatuwa yadda dattawa ke faɗinsu. Allah ya kai ka lafiya.