Tambaya da Amsa: Tarihin Tsofaffin Kayan Adon da Ba na Gwal Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar gwaggona, wadda ta zauna a Ingila tare da maigidanta lokacin da yake karatu a shekarun 1960, an ba ni ƙaramin akwatin kayan adonta. A ciki akwai fil na maƙalawa a riga mai siffar ganye, an rubuta Trifari a bayansa tare da alamar ©, da 'yan kunne na matsewa masu duwatsun da ke sauya launi kamar bakan gizo, da sarƙar lu'ulu'u, da wata munduwa mai nauyi ruwan ɗorawa mai kama da roba. Maƙerin gwal ya goga su ya ce duk jabu ne, amma 'yata ta ce ta ga ana sayar da irinsu da tsada a intanet. Mene ne asalinsu, kuma yaya zan gane zamanin da aka yi su? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan gwaggo, ya kai haske kabarinta. Maƙerin ya faɗi gaskiya da ya ce babu gwal a cikinsu, amma kalmar jabu ba ta dace da su ba, domin jabu shi ne abin da aka ƙera don a yaudari mai saye, su kuwa waɗannan tun daga kanti an san ƙarfe ne da gilashi, har ma kamfanin da ya yi su ya buga sunansa a jiki. Sunan da Amurkawa suka ba irin waɗannan kaya, costume jewelry, yana nufin adon da ke tafiya da sutura, wato wanda ake saye domin wata riga ko wani yayi. Masu tara su kan lissafa abin da ya haura shekara 20 a matsayin tsohon yayi, wanda ya kai shekara 100 kuma a matsayin kayan tarihi, kuma abin da suke biyan kuɗi a kansa shi ne kyawun aiki, da sunan wanda ya zana, da zamanin da aka yi abin.

Sana'ar ta kafu ne a Turai a ƙarni na 18. Wani maƙeri a birnin Faris mai suna Georges Frédéric Strass ya ƙware wajen haɗa gilashi mai dalma da yawa, wanda yake yankuwa kamar daimon, sannan a shimfiɗa masa siririn fallen ƙarfe mai ƙyalli a baya domin ya mayar da haske. A 1734 aka naɗa shi maƙerin kayan adon Sarki Louis na 15, kuma har yau da sunansa Faransawa suke kiran irin wannan dutse. A Landan kuma wani mai ƙera agogo, Christopher Pinchbeck, ya gauraya jan ƙarfe da tutiya ya samar da ƙarfe mai kama da gwal. Manyan mata ne masu sayen waɗannan kaya a lokacin, saboda a ƙarƙashin hasken kyandir ba a cika bambance gilashin da daimon ba, kuma mai tafiya a hanyar da ke da 'yan fashi ya fi samun kwanciyar hankali idan na ainihin yana ajiye a gida. A ƙarni na 19 ne talaka ya samu shiga. A 1840 gidan Elkington na Birmingham ya yi rajistar fasahar yi wa ƙarfe ruwan gwal ko na azurfa da lantarki, injuna kuma suka fara buga siffofi daga fallen tagulla. Da mijin Sarauniya Victoria ta Ingila, Yarima Albert, ya rasu a 1861, ta shiga baƙaƙen kaya har ƙarshen rayuwarta a 1901, sai baƙin dutsen garin Whitby ya zama abin yayi, waɗanda ba su da halin sayensa kuma suka koma ga baƙin gilashi da sandararriyar roba.

Gilashin da ya riƙe wannan sana'a daga yankin Bohemiya yake fitowa, musamman garin Gablonz, wanda yau ake kira Jablonec a Jamhuriyar Cek. Daga can ne aka riƙa fitar da duwatsun wuya zuwa Indiya da Afirka ta Yamma, saboda haka wasu tsofaffin duwatsun gilashi da kakanninmu suka ɗaura dangin na cikin akwatinki ne. Ɗan wannan yanki ne Daniel Swarovski, wanda ya yi rajistar injin yankan gilashi a 1892, ya kuma kafa masana'antarsa a Wattens ta ƙasar Ostiriya a 1895. Injin ya sa aka samu dubban duwatsu masu girma ɗaya da yanka ɗaya a kan farashi mai sauƙi, kuma a kan wannan ne masana'antun birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka suka gina kasuwarsu.

Sauyin da ya fi kowanne muhimmanci, a ganina, na tunani ne, kuma a shekarun 1920 ya faru. Kafin lokacin, mace kan so a ɗauka abin wuyanta na ainihi ne. Coco Chanel, mai zanen tufafi a Faris, ta fito da dogayen sarƙoƙin lu'ulu'un gilashi, manya ƙwarai yadda kowa zai gane ba daga teku suka fito ba, tana jera su a kan baƙar riga marar kwalliya, wani lokaci ma tana haɗa su da na ainihi. Gidan Gripoix na Faris ne ya riƙa zuba mata narkakken gilashi mai launi a cikin zanen ƙarfe. Abokiyar hamayyarta, Elsa Schiaparelli, ta zarce haka, har ta fito da abin wuya na roba mai garai-garai da aka jera wa ƙwari na ƙarfe a 1938. Gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922 ya kawo yayin buzuzu da furen bado da launin shuɗi da ja, baje kolin Faris na 1925 kuma ya yaɗa salon da ake kira Art Deco, mai miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi, da fararen duwatsu a kan farin ƙarfe.

Karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929 ita ce ta ɗaga darajar aikin. Attajirai suka rage sayen daimon, ƙwararrun da suka saba aiki da duwatsu masu tsada suka rasa kasuwa, sai suka koma masana'antun ƙarfe da gilashi da duk iliminsu. Alfred Philippe, Bafaranshen da ya yi wa manyan gidajen kayan ado irin su Cartier zane, ya shiga kamfanin Trifari a 1930, ya zauna har 1968. Marcel Boucher, wanda shi ma ya yi aiki a Cartier, ya buɗe nasa a 1937. Wannan ne dalilin da ya sa idan kika juya fil mai kyau na wancan zamani za ki ga an goge bayansa sumul kamar gabansa, kuma ƙananan faratan ƙarfe ne ke riƙe da manyan duwatsun. Kamfanin Coro, wanda ya samo sunansa daga farkon sunayen Cohn da Rosenberger, ya yi fice da Duette, wato maƙalai biyu da ake haɗawa su zama fil guda ko a raba su a sa a gefe biyu na wuyan riga. Miriam Haskell, wadda ta buɗe shagonta a New York a 1926, ta bi wata hanya dabam, inda ake ɗaure ƙananan lu'ulu'u ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya a kan ƙarfe mai huji-huji, kuma kayanta na farko ba su ɗauke da suna, shi ya sa gane su ke buƙatar gogaggen ido.

Munduwarki wataƙila 'yar wannan zamani ce. Leo Baekeland ya ƙirƙiro robar Bakelite a 1907, kuma a shekarun 1930 aka riƙa zuba irinta a dogayen bututu, a yanka, a sassaƙa da hannu, a sayar da arha ga matan da kuɗinsu ya ƙaranta. Tana da nauyi, ba ta da layin haɗi irin na robar yanzu, kuma wadda aka yi fara takan rikiɗe zuwa ruwan ɗorawa da tsufa, kamar yadda kika kwatanta. Ki goga ta da babban yatsa har ta yi ɗumi, ko ki tsoma gefenta a ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan ki sansana. Idan ta yi warin sinadari mai hawa kai irin na ɗakin gwaje-gwajen asibiti, to alama ce mai ƙarfi. Kada ki yarda a soka mata allura mai zafi da sunan gwaji, domin tabon ba ya gyaruwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake juya salon. Daga 1942 gwamnatin Amurka ta taƙaita amfani da kuza da jan ƙarfe domin ƙera makamai, duwatsun Bohemiya da Ostiriya kuma suka daina zuwa. Masana'antu suka koma azurfa suna yi mata ruwan gwal, sau da yawa mai ɗan ja, suka rage yawan duwatsu, suka bar ƙarfen kansa ya zama adon, da manyan lanƙwasa da ƙulli irin na kirtani, da dutse guda babba a tsakiya. A wannan lokaci ne Trifari ya yi tsuntsaye da kifaye da kwaɗi masu ciki na farar roba mai garai-garai, waɗanda yau suke cikin mafi tsada. Duk tsohon fil na waɗannan kamfanoni da aka buga wa kalmar Sterling, mafi yawanci na shekarun 1940 ne, kuma shi kam azurfa ce ta gaske.

Sauran kayanki uku sun fi kama da na bayan yaƙi. Christian Dior, mai zanen tufafi a Faris, ya dawo da faffaɗan siket da matsattsen ƙugu a 1947, sai aka koma sayen ado saiti guda, sarƙa da 'yan kunne da abin hannu da fil duk iri ɗaya. A 1953 Mamie Eisenhower, uwargidan shugaban Amurka, ta sa lu'ulu'un Trifari a bikin rantsar da mijinta. A 1955 Trifari ya yi nasara a kotu a kan kamfanin Charel da ya kwaikwayi zanensa, inda aka yarda cewa dokar haƙƙin mallaka tana kare zanen irin waɗannan kaya, kuma daga nan ne kamfanoni suka fara buga alamar © kusa da sunansu. Saboda haka fil ɗinki bai girmi 1955 ba, abin da ya yi daidai da zaman gwaggo a Ingila. Haka ma 'yan kunnen, domin shafen da ke sa dutse ya yi launin bakan gizo, wanda ake kira Aurora Borealis, Swarovski ne ya fito da shi tare da Dior a tsakiyar shekarun 1950. Kasancewarsu na matsewa ma shaida ce. Mu da ake yi wa 'ya mace hujin kunne tun tana jaririya za mu yi mamaki, amma a farkon rabin ƙarni na 20 yawancin matan Ingila da Amurka ba su huda kunne, shi ya sa aka fara da na murɗawa mai ɗan kusa a baya, na matsewa ya biyo a shekarun 1930, huji kuma bai dawo sosai ba sai ƙarshen shekarun 1960.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Shekarun 1960 sun kawo roba mai launi mai ƙarfi da manyan siffofi, Ba'amurke mai zanen kayan ado Kenneth Jay Lane ya fara nasa kamfanin a 1963, shekarun 1980 kuma suka zo da kaurin sarƙoƙi masu ruwan gwal. Sannu a hankali aikin ya koma ƙasashen Asiya inda lada ke da arha, Coro ya rufe a Amurka a 1979, gam ya maye gurbin faratan ƙarfe, ruwan gwal ɗin kuma ya yi siriri. Wannan raguwar inganci na daga cikin abin da ya sa ake neman na da. Sai dai ina so 'yarki ta yi hattara da farashin intanet, domin kuɗin da mai kaya ya rubuta dabam yake da wanda aka saya. Gaskiya ne a 1996 an sayar da sarƙar lu'ulu'un gilashi mai layi uku ta Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, a kan dala 211,500 a gwanjon Sotheby's, amma wuyan da ya sa ta aka biya. An yi fil mai siffar ganye na shekarun 1950 da 1960 da yawan gaske, saboda haka darajarsa matsakaiciya ce, kuma idan munduwar ta tabbata Bakelite ce mai sassaƙa, tana iya fin sa kuɗi.

Game da sarƙar lu'ulu'un, ki duba maɗaurinta da gilashin ƙara girma, domin a nan ake buga suna ko ƙasar da aka yi ta, kuma da yawa na wancan lokaci daga Japan suke. Ƙwallon gilashi ne da aka lulluɓe da shafe mai sheƙi, wanda asali daga ɓawon kifi ake samunsa, kuma turare shi ne babban abokin gabarsa. Ki shafa humra da turarenki su bushe kafin ki ɗaura ta, kada kuma ki turara ta tare da kaya a kan kasko. Masu duwatsun kada su taɓa ruwa ko omo, saboda da zarar laima ta shiga fallen da ke bayan dutse sai ya dushe ya yi baƙi, kuma ba a dawo da shi. Busasshen burushi mai laushi ya isa. Da damina ki riƙa buɗe akwatin kina dubawa, idan kika ga koren tsatsa a jikin wani ki ware shi nan take domin tana yaɗuwa, ki naɗe kowanne dabam a cikin ƙyallen auduga, kuma kada ki bari maƙeri ya sake musu ruwan gwal, domin masu saye sun fi son launinsu na asali ko da ya ɗan koɗe.