Kafin ka sayi famfon mai, ka duba wayar batir

Malam, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don ciwon da ya cinye mini wata huɗu ke nan. Ka ce Hilux ɗinka tana cikin tafiya sai fitilun dashbod su ɗauke, rediyo ya mutu, inji ya tsaya, an jima ka murɗa makulli ta tashi garau. Tawa ma haka ta yi.

Ranar da ba na mantawa, Lahadi ce, na taso daga kasuwar Mai'adua da buhunan gero, ƙanena na gefe. Mun wuce Shargalle bayan isha'i, ina faɗawa wani rami sai komai ya ɗauke har fitilun gaba. Duhu ƙirin. Sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙi takuwa, ga babbar mota ta taho tana haske mini ido. Salati kawai nake ji daga bakin yaron nan. Da ƙyar na gangara gefen titi, na fi minti goma hannuna na rawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai bakaniken da na amince wa ne. Bai taɓa ɗora mita a kan batir ba. Ya ce famfon mai ne, na saya. Ya ce fulogi, na saya. Daga baya wai birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, in kawo kuɗi a yi oda daga Kano. Famfona na asali mai lafiya ma bai dawo mini da shi ba, na yi zarya har na gaji. Na bar shi da Allah.

Wani yaro mai wayarin ne ya gano ta. Ya bar injin yana aiki, ya dinga girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yana taɓa baƙar wayar da ta tashi daga kan batir zuwa jikin mota sai inji ya sheƙe. Notin ya saki, tsatsa ta ci wurin, da ya fere robar sai ga wayar ta yi kore, sili kaɗan suka rage. Ya canza ta, ya goge wurin da samfefa, shi ke nan.

Don Allah in ta sake yi, ka lura da dashbod. In har da fitila da rediyo suka mutu, to ba matsalar mai ba ce, famfo ba ya kashe rediyo. Ka bi kawunan batir, wayar jiki, babban fiyus da bayan makulli. In kuwa fitilun na nan inji kaɗai ya mutu, sannan a waiwayi famfo da rilensa. In an ɗora mita a kan batir, ta nuna wajen volt 12.6 mota a kashe, 13.5 zuwa 14.5 tana aiki, in tana aiki ta gaza haka wataƙila altaneta, na'urar da ke cajin batir, ba ta caji. Kada ka bari kowa ya cire kan batir inji na aiki wai gwajin caji, hakan na iya ƙona birenbos ɗin gaske. Tarin makullan shago da ka rataya a jikin na mota ma ka rage, nauyinsu na cinye cikin makullin.

Kuma ka daina tafiyar dare da ita sai an gyara, Malam, ko da kaya za su kwana a Daura. Allah Ya tsare.