Ɗana, Detroit za ka zo, Lions za ka bi

Assalamu alaikum ɗana,

Saƙonka ya iso. Na yi murna ƙwarai da jin takardar Jami'ar Wayne State ta fito, Allah ya sanya albarka, ya sa bizar ma ta zo cikin sauƙi. Maganar ɗaki da kuɗin makaranta mun gama ta a waya da mahaifiyarka. Saura tambayar da ka maƙala a ƙarshe, wadda ta ba ni dariya. Ka ce an gaya maka Amurkawa ba su da hira sai ta zari-rugarsu, don haka ka shiga intanet ka duba jerin kulob-kulob na NFL, babbar gasarsu ta wannan wasa, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, ka ga Philadelphia Eagles a sama, Kansas City Chiefs na biye, kana so in zaɓa maka ɗaya kafin ka sayi riga.

Kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu. Amma na san halinka, ba ka karɓar magana sai da hujja, to saurara.

Wancan jerin da ka gani ba teburi ba ne. Kai ka saba da Firimiyar Ingila, inda kulob 20 ke karawa gida da waje, wasa 38, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi, ukun ƙarshe su faɗa ƙaramar gasa. A can teburi shi ne alƙali. Jerin ƙarfi na nan kuwa ra'ayin 'yan jarida ne kawai. ESPN na fitar da nasu, CBS na fitar da nasu, shafin NFL ɗin kansa yana da nasa, yawanci ranar Talata bayan an gama wasan daren Litinin, kuma da wuya biyu su zo iri ɗaya. Ba ya ƙara wa kowa maki, ba ya kai kowa ko'ina. Kamar kirarin da makaɗa ke yi wa ɗan dambe ne kafin ya shiga fili: yana da daɗin ji, yana zaburar da 'yan kallo, amma ba shi ke kai mutum ƙasa ba. Ni ma duk mako sai na karanta, mafi yawa don in ji haushin inda suka ajiye Lions, kulob ɗinmu na nan Detroit.

Abin da ya sa mutane ke buƙatar irin wannan jerin shi ne teburin gaskiya ba ya iya faɗin wanda ya fi. Kulob 32 ne, kuma kowanne wasa 17 kacal yake yi daga Satumba zuwa farkon Janairu, saboda jiki ba zai ɗauki fiye da wasa ɗaya a mako ba. Ka ga ke nan ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. An raba su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare rukuni huɗu, kowane rukuni kulob huɗu. Wasa shida cikin 17 ɗin nan da 'yan rukuninka uku za ka yi su, gida da waje. To wanda ya ci wasa goma a rukunin ragwaye da wanda ya ci goma a rukunin ƙarfafa, a takarda ɗaya suke, a fili kuwa da bambanci. Wannan giɓin ne 'yan jarida ke cikewa da ra'ayinsu.

Daga nan kulob bakwai ke fitowa daga kowane ɓangare zuwa zagayen sili ɗaya ƙwale: zakarun rukunai huɗu, da wasu uku da suka fi yawan nasara cikin sauran. Zakaran rukuni a gidansa yake fara wasa ko da wanda zai karɓa ya fi shi nasara. Dubi abin da ya faru a rukuninmu a kakar 2024. Lions sun ci 15 sun faɗi 2. Minnesota Vikings sun ci 14 sun faɗi 3, wanda a yawancin shekaru ya isa a ba kulob matsayi na ɗaya. Amma da yake rukuninsu ɗaya da mu, kuma mun lallasa su 31 da 9 a makon ƙarshe, sai suka koma na biyar, aka tura su wajen Los Angeles Rams masu nasara 10 kawai, Rams suka kore su da ci 27 da 9. Yawancin kakar suna cikin na sama a jerin, dare ɗaya ya gama da su.

Kada ka ɗauka dariya nake musu, don mako guda bai cika ba muka sha namu kashin. Mu ne na ɗaya a NFC, an ba mu hutun zagayen farko, wasa a gidanmu Ford Field, garin nan kaf ya gama lissafin tafiya Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi. Washington Commanders suka zo da yaro sabon shiga, Jayden Daniels, suka ci mu 45 da 31. Washegari ko a masallaci ba wanda ya ɗauko zancen. Wanda ya bi kakar da idon basira ya san masu tsaron bayanmu sun ƙare a gadon asibiti tun kafin ranar, tun daga Aidan Hutchinson da ya karye a ƙafa a Dallas cikin Oktoba. Jerin ƙarfi yana kallon sakamakon makon jiya, ba ya jin ciwon gwiwar kowa.

Su Eagles ɗin da kake so, ka tambayi masoyansu labarin 2023. Sun ci wasa 10 cikin 11 na farko, sannan suka faɗi biyar cikin shida na ƙarshe, Tampa Bay ta kore su 32 da 9 a zagayen farko. Shekara ta zagayo suka ɗauki kofi, suka doke Chiefs 40 da 22 a Fabrairun 2025. Mafi shahara a irin wannan shi ne New England Patriots na 2007, da suka ci wasanninsu 16 duka ba faɗuwa, sai New York Giants masu nasara 10 suka tare su a Super Bowl da ci 17 da 14. A cikin Giants ɗin nan akwai Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya. Tun da aka fara Super Bowl har yau, Miami Dolphins na 1972 ne kaɗai suka gama kaka har kofi ba tare da faɗuwa ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka fahimta, don shi ne ya bambanta gasar nan da duk ƙwallon da ka sani. An gina ta ne da gangan don kada wani ya daɗe a sama. Ba a korar kowa zuwa ƙaramar gasa. Maimakon haka, duk watan Afrilu ana zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma kulob ɗin da ya fi kowa lalacewa shi ke fara ɗauka, zakara ya zo ƙarshe. Sannan akwai iyakar albashi: a 2025 ba kulob ɗin da aka yarda ya wuce dala miliyan 279.2 a kan 'yan wasansa, komai arzikin mai shi. Babu wani attajiri da zai zo ya saye gwanaye goma ya tara a wuri ɗaya yadda ake yi a Turai. Idan yaranka suka yi fice, kuɗinsu ya tashi, dole ka saki wasu. Chiefs da kansu sun rabu da Tyreek Hill a 2022 a kan maganar kuɗi.

Shi ya sa Commanders da suka ci wasa 4 kacal a 2023 suka samu zaɓi na biyu, suka ɗauki Daniels, suka ci 12 a shekarar da ta biyo. Cincinnati Bengals sun ci wasa 2 a 2019, suka ɗauki Joe Burrow, zuwa Fabrairun 2022 suna Super Bowl. Abu ɗaya ke karya wannan juyin, wato samun gwanin kwatabak, mai karɓar ƙwallo ya jefa, wanda duk harin kulob ke bi ta hannunsa. Patriots sun daɗe suna mulki saboda Tom Brady, mutumin da sai a zaɓi na 199 aka ɗauke shi a 2000, ya ƙare da kofi bakwai, shida a wurinsu, ɗaya a Tampa Bay. Chiefs kuma tun da Patrick Mahomes ya karɓi ragama suka ɗauki kofi a 2020 da 2023 da 2024. In ka bi Chiefs yau, Mahomes ka bi, kuma ranar da ya tsufa ko ya ji rauni sai ka sake neman gida.

A Kano mutum zai mutu a kan Chelsea bai taɓa ganin Landan ba, ba wanda zai ce masa don me. Nan ba haka ba ne. Kulob gadon gari ne, uba ke bar wa ɗa. In ka shiga aji da rigar Eagles, tambayar farko ita ce ko daga Philadelphia kake. Ka ce a'a, sai a yi murmushi a bar ka, an gane mai bin nasara ne. In kuwa ka sa shuɗiyar rigar Lions, direban bas zai yi maka magana, mai gadin ɗakin karatu zai tambaye ka yadda ka ga wasan jiya. Baƙo a ƙasar nan yana iya yin wata guda ba wanda ya ce masa ci kanka, ba don ƙiyayya ba, kowa harkar gabansa yake yi. Ban ga abin da ke buɗe bakin mutanen Michigan da safiyar Litinin kamar wannan ƙwallon ba.

Amma ka san abin da za ka shiga. Lions ba su ɗauki kofin gasa ba tun 1957, kafin ma a fara Super Bowl a 1967, kuma suna cikin kulob huɗu da ba su taɓa zuwa Super Bowl ba, tare da Cleveland da Jacksonville da Houston. A 2008 sun faɗi wasanninsu 16 duka. Manyan gwanayensu biyu, Barry Sanders da Calvin Johnson, duk sun ajiye wasa da sauran ƙarfinsu. Matthew Stafford ya yi shekara 12 yana jefa musu ƙwallo bai ci ko wasa ɗaya na sili ɗaya ƙwale ba, aka musanya shi da Jared Goff a 2021, a kakarsa ta farko a Rams ya ɗauki kofi. Mutanen garin nan sun taya shi murna, wasu har da hawaye, wanda ya nuna maka irin zuciyarsu.

Koci Dan Campbell ya zo a 2021 ya ci wasa 3. Shekara ta biyu 9, ta uku 12, ta huɗu 15. A Janairun 2024 suka doke Rams ɗin Stafford 24 da 23, nasararsu ta farko a zagayen ƙwale cikin shekara 32. Na ga dattawa masu furfura suna kuka a talabijin a daren. Mako biyu bayan haka suna gaban San Francisco 24 da 7 a hutun rabin lokaci, saura rabin wasa su je Super Bowl, aka farke aka ci su 34 da 31. Har yanzu ana musu a kan Campbell, mutumin da ba ya son buga ƙwallo ya ba abokin hamayya a yunƙuri na huɗu, ya fi son ya yi kasada. Ni ina bayansa. Kasadar ce ta fito da su daga rami, ba zan zage ta ranar da ta ƙi ci ba.

Wannan yunƙuri na huɗun shi ne mabuɗin kallon wasan, in ka riƙe shi sauran za su zo da kansu. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci, a sake ba su huɗu. In sun kai ƙarshen fili maki shida ne, da ƙarin ɗaya in an buga ta shiga tsakanin sanduna, bugun nesa kuma maki uku. Minti 60 ne a agogo, amma sai ya ci awa uku saboda tsaye-tsaye da tallace-tallace. Makonnin farko za ka ga kamar turereniya ce kawai. Ka daina bin ƙwallon da ido, ka kalli ƙartin nan biyar da ke tsaye gaban kwatabak, irin su Penei Sewell, a nan ake cin wasa ko a faɗi.

Wuri ɗaya da jeri ke da haƙori shi ne ƙwallon jami'o'i, don a can wani kwamiti ne ke zama ya jera makarantu, da jerinsa ake shiga gasar ƙarshe. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, kwamitin ya bar ta a waje saboda kwatabak ɗinta ya ji rauni. Jami'ar Michigan ce ta ɗauki kofin a wannan kakar. Filinta a Ann Arbor yana cin mutum sama da 107,000, ya fi na Lions nesa ba kusa ba. In abokai suka ja ka can a ƙarshen Nuwamba, kada ka kuskura ka sa jan kaya, launin Ohio State ne.

Sai gargaɗi biyu, kuma a nan ba wasa nake ba. Na farko caca. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofa a 2018, tallan caca ya cika kowane wasa, a wayarka za a riƙa yi maka tayin kuɗin farawa kyauta. Mafi yawan masu haddace jerin ƙarfi don caca suke yi, kuma duk misalan da na jero maka sun isa su nuna maka inda kuɗinsu ke tafiya, ban da haramcinta da ka sani. Na biyu lokaci. Ranar Lahadi ana fara wasa ƙarfe ɗaya na rana, wani na bin wani har wajen sha ɗaya na dare, ga na Litinin, ga na Alhamis. Ɗalibi mai biza ba shi da wannan sararin. Ka kalli na Lions kaɗai, ka tashi ka koma kan littafi. Yawancin wuraren kallo mashaya ne, amma a garuruwan Dearborn da Hamtramck da ke maƙwabtaka da mu Musulmi suna da yawa, akwai gidajen abinci na halal da ke kunna wasan, zan nuna maka.

Tikitin Ford Field ya yi tsada tun da suka fara cin wasa, kada ka sa shi a lissafin shekarar farko. Ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ranar bikin godiyarsu, Lions na wasa a gida da tsakar rana, al'adar da suka fara tun 1934. Makaranta na hutu, ɗakunan kwana sukan zama wayam, don haka a gidana za ka yi ta, innarka za ta yi masa da miyar taushe. Riga kuma ka bar ta, akwai ta ɗan'uwanka da ta yi masa kaɗan. Kuɗin ka ƙara a kan na rigar sanyi mai kauri, ita ma a nan za mu saya, don ta kasuwar Kwari ba za ta tare maka iskar Janairu ba.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Da zarar an sa maka ranar ganawa a ofishin jakadanci ka sanar da ni.

Kawunka,
daga Detroit