Ƙwaya, ɓawo da ɗan gari: amsa ga manomin shinkafa

Wani ɗan'uwa mai noman shinkafa a Saga, nan bakin kogin Isa, ya aiko da tambaya: “Malam, ganyen shinkafata ya yi rawaya roɗi-roɗi, ta tsugune ba ta tsawo, malamin gona ya ce birus ne, wai ƙwayar cuta. To mi ya kawo ƙwaya cikin zancen cuta, ni ban ga ƙwayar komi ba?”

Allah shi kawo sauƙi ɗan'uwa, asarar shinkafa bayan wahalar dashe cikin taɓo abu ne mai ciwo. Ƙwaya a Hausa ɗan abu ne dunƙulalle, sau da yawa cikin ɓawo, kamar ƙwayar gujiya, daga nan anka samu ƙwayar ido da ƙwayar magani. Wallahi wanda ya fara cewa ƙwayar cuta ya iya Hausa, don alamun da ka faɗi sun yi kama da na birus ɗin da masana ke kira RYMV, wato birus mai sa shinkafa rawaya roɗi-roɗi, wanda anka fara gani a Kenya a 1966, kuma shi ɗin dunƙulalle ne da ɓawonshi, faɗinshi wajen nanomita 30 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ido ba ya ganinshi. Ɓawon an yi shi da furotin iri guda, wato sinadarin gina jiki, guda 180 sunka haɗu sunka rufe zare ɗaya na RNA, wato rubutun gadon birus ɗin, mai haruffa wajen 4,450. Cikin zaren ga akwai umurnin ƙera wani furotin da ake kira P1 mai taimaka ma birus ɗin yaɗuwa cikin shuka da danne garkuwarta, da wani dogon furotin da ke yanka kanshi gunduwa-gunduwa, daga ciki a samu wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira VPg da mai kwafe zaren, sai na ɓawon.

Ni abin da ya fi ɗaukar min hankali VPg ne, shi ya tuna min da karin maganar nan, da ɗan gari akan ci gari. Ci a nan ba na tuwo ba ne, cin yaƙi ne, tun zamanin ganuwa, mayaƙa su kewaye birni wata da watanni ba su shiga ba sai wani na ciki ya buɗe musu ƙofa. Haka birus ɗin ga, shi kaɗai bai iya ƙera komi, sai VPg ya kama wani furotin na ita shinkafar ya sa shi aiki. Shi ne ɗan garin. Akwai wasu iri cikin shinkafarmu ta Afirka, glaberrima, da wata mai suna Gigante, da furotin nan nasu ya sake kama, VPg ya zo bai samu wurin riƙo ba.

Amma kar kalmar ƙwaya ta ruɗe ka, cutar ba ta bin ƙwayar iri. Ƙwari masu cin ganye ke ɗaukarta, da hannun masu dashe, da ganye in ya gogi ganye. Ka duba wurin renon irinka tun kafin ka tuge.