Kisra, Rumawa da shekarar 628

Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya: Kisra suna ne ko sarauta?

Asalinsa suna ne, Khusrau, Larabawa suka mayar da shi laƙabin kowane sarkin Farisa, kamar yadda suke ce wa na Rum Ƙaisar. Wanda ake nufi a karatun sira shi ne Khusrau na biyu, wanda aka tuɓe aka kashe a watan Fabrairun 628. Mutanen Bargu, a Busa da Nikki da Illo, suna jingina asalin sarautarsu ga wani Kisra. Wannan tarihin baka ne, a riƙe shi a matsayinsa.

Wata malamar Islamiyya ta ce: Rumawan da suka ci Farisa, su ne mutanen Italiya?

A'a! Wannan kuskure ya ishe ni, har a wajen tafsiri nakan ji mai jan baki ya kai mutane birnin Fafaroma. Sarautar Rum ta yamma ta faɗi tun 476. Rumawan Suratur Rum na gabas ne, fadarsu Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, harshensu Girkanci, sarkinsu Hiraƙla. Farisawa sun ƙwace musu Ƙudus a 614, suka tafi da gicciyen da Kiristoci suke girmamawa, sannan suka haɗa da Masar. Hiraƙla ya fito da kansa a 622, ya karya su kusa da Ninawa a Disambar 627. Wata biyu bayan nan manyan Farisa suka juya wa Kisra baya, suka naɗa ɗansa Shirawaihi, shi kuwa ya nemi a ajiye makamai. Wanda bai san wannan ba, yaya zai fassara ayar da ta ce Rumawa za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru? Kuma Rumawa ake cewa, tilo Barume. Masu rubuta "'yan Roma" su daina.

Tambaya daga Maraɗi: Hudaibiyya sulhu ce ko yarjejeniya?

Duka biyun. An yi ta a Zulƙida, shekara ta 6 bayan hijira, cikin 628 ɗin nan, a kan tsagaita yaƙi na shekara 10.

Wani kuma ya ce, da yake Shirawaihi ya sa an kashe ubansa, ko a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba?

Ba wurinta ba ne. Wannan karin magana sai uba na kirki ya haifi ɗa marar hali. Shi kuwa Kisra ya hau gado ne a 590 bayan an tuɓe ubansa Hurmuz, aka makantar da shi, aka kashe shi, kuma ana zarginsa da hannu a ciki. Ka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shirawaihin ma bai cika shekara a kan mulki ba ya mutu, a cikin annobar da ake kira da sunansa.