Kalmomin yanayi a harshen Kantonis: ba duk iska ce iska ba

Ɗan'uwa da ka tambaya me ya sa abokan cinikinka a Guangzhou, birnin kudancin China inda ake jin Kantonis, suke yawan zancen iska da ruwa alhali gari garau, ga abin da na fahimta.

Ruwan sama "lok jyu" ne, guguwa "daa fung". A Hong Kong in aka ɗaga alamar guguwa ta 8, ofisoshi da makarantu rufewa suke yi.

Amma in mutum ya ce zai "sik sai bak fung", wato cin iskar arewa maso yamma, ba sanyi yake nufi ba: kasuwa ta mutu, sai yunwa. "Ceoi seoi", hura ruwa, hirar banza ce da cika baki. "Seoi" kanta, ruwa, kuɗi ce a bakin 'yan kasuwa, ka kula da wannan sosai. "Jit hei", iska mai zafi, ƙurajen baki ne da kaushin maƙogwaro bayan soye-soye. In ya kama ka, sai 'yan gari su miƙo maka shayin ganye mai ɗaci.

Kada ka haɗa da Mandarin, babban harshen China, can ruwan sama "xia yu" ne. Kantonis na da karin sauti 6, don haka nemi ɗan gari ya gyara maka furuci. Maganar kwangila kuwa, tafinta ƙwararre.